Hannun Goggo a Alƙahira

Sanyi ne ya fara tarbata a Alƙahira, ni da na baro Sakkwato ina sharce gumi. Maigidana ya rako ni, ya kama mani ɗaki a can saman wani tsohon bene, ya ga inda makarantar take, sannan ya koma bakin aikinsa ya bar ni da bargo da jakar kyamara. Ranar da ya tafi na zauna a bakin gado na yi kukana son raina, na wanke fuska, na tashi na jona batiran kyamara a wuta.

Sunana Balkisu, a Minanata nake zaune, kuma sana'ata ɗaukar bidiyon tarukan mata: kamu, walima, suna, saukar karatu. Inda namiji ba zai shiga da kyamara ba, ni ake kira. Ba don na fi kowa iya ɗauka ake nemana ba. Ana nemana ne don in na gama aiki, a gaban uwar amarya nake goge katin ajiya, bayan na damƙa mata nata. Ba a taɓa tsintar hoton matar wani a wayar wani ta hannuna ba, kuma da wannan nake tinƙaho har gobe.

Makarantar da na je ta koyon haɗa fim na gaskiya ce, wato labarin mutane ba wasan kwaikwayo ba. Sharaɗinsu shi ne kowane ɗalibi ya zo da hoton da ya ɗauko na wani mutumin garinsu, da shi zai yi aikin ƙarshe, da shi za a ba shi shaida ko a hana shi. Ni kuwa ba wanda nake so in ɗauka duk Sakkwato sai Goggo, yayar mahaifina, wadda matan Ƙofar Atiku suke kira Modibbo. Tun tana amarya take karantar da matan aure a tsakar gidanta, tana rera masu waƙoƙin wa'azi na Hausa da na Fulatanci da ka. Da na roƙe ta, sai da ta daɗe tana jan carbi kafin ta amsa.

"Muryata dai ta daɗe tana ƙetare katanga, maƙwabta sun ji ta sun gaji," in ji ta. "Wagga ki kai ta inda kika so. Amma huskata ba ta taɓa hita gidanga ba. Ki ɗauka don jikokina mata su gani bayan raina. Namiji kam, ko ɗaya."

Na ce na ji. A raina na ɗauka abu ne mai sauƙi, in na je sai in nemi malamai mata su duba nawa aikin. Katin da na ɗauke ta a kai na ɗinke shi a cikin aljihun ɗan tofina, haka na ratsa filin jirgi da shi.

Makonnin farko sun ba ni kashi. Larabcina na Islamiyya ne, in na tambayi mai burodi kuɗin burodi sai ya tsaya yana murmushi, ya ce ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin. Kowa ya gan ni sai ya ce Sudan, in ce Nijeriya, ya ce ai duk ɗaya ne. Waken da suke karyawa da shi na ci har na fara mafarkin fura. Wata rana a cikin jirgin ƙasa, a taragon mata, wata ta buɗe ledar gero da ta saya wa tsuntsayenta, na bi geron da kallo har matar ta matsar da ledarta.

Malaminmu Ustaz Majdi dogon mutum ne mai furfura, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ɗaukar fim. Ranar farko ya buɗe mana ɗakin kayan aiki, ga kyamarori manya jere, wata sai mutum biyu sun kama ta, ga fitilu, ga sandunan makirfo. Ya ce kowa ya fito da abin da yake aiki da shi a gida. Na fito da 'yar kyamarata, wadda ba ta fi kwanon sha ba. Na ga samarin ajin suna haɗa ido.

"Me ya sa wannan?" in ji Ustaz.

Na ce masa a garinmu zafi yana kashe kyamara tana tsakiyar aiki, na ga manya masu tsada sun ɗauke wuta ana cikin kamu, ita kuwa wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Batiranta ƙanana ne, ko an ɗauke wuta ina cika su a mota. Sannan tsohuwa in ta ga ƙatuwar na'ura a gabanta sai ta ja mayafi ta yi shiru. Ga shi duk ƙanƙantarta tana ɗaukar hoto mai faɗi ƙwarai, wanda ko ka yanko gefe guda ka cika allo da shi ba ya dushewa. Na nuna masa ɗan makirfon da nake maƙala wa mutum a wuyan riga. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu, amma ba ya zama ya saurari murya mai ƙara. Ya ce na iya zaɓen kaya. Ran nan da ƙafa na koma ɗaki don daɗi, ban ma ji nisan ba.

Daɗin bai kwana biyu ba. Tsarin makarantar shi ne duk abin da ɗalibi ya zo da shi a zuba shi cikin babbar ma'ajiya guda, wadda duk kwamfutocin ɗakin tacewa suke haɗe da ita. Kowa yana iya buɗe na kowa, a duba wa juna, a yi gyara. Ba zan ƙi gaskiya ba, tsari ne mai kyau, ba wanda aikinsa zai ɓata. Sai dai ajinmu kusan duk maza ne, masu jarrabawar ƙarshe ma na bincika, ba mace ko ɗaya a cikinsu. Na ce wa Ustaz zan yi nawa aikin a kwamfutata. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ruwana, in dai zan kawo a kan lokaci.

Tsohuwar kwamfutar da na zo da ita ta bikin suna ce. Da na ɗora mata hoton Goggo sai ta fara tangaɗi, murya ta yi gaba, hoto yana can baya yana ɗingishi. Na yanke shawarar in sayi mai ƙarfi. Aka kwatanta mani wani gini da ake sayar da kayan kwamfuta hawa bayan hawa. Wani mai shago ya tare ni da fara'a, ya kira ni 'yar'uwa, ya ce ya san mutanen Nijeriya mutanen kirki ne, ya aika aka kawo mani shayi. Ya kunna wata ya nuna mani tana gudu kamar ba gobe, ya rantse da abin da ni ba zan iya rantsewa da shi a kan ciniki ba. Na ba shi guzurin da na tara da tsayuwar bukukuwa, na rungumo ta.

Kwana kaɗan ta yi. Ina cikin aiki ta yi zafi kamar murfin tukunya, allon ya yi baƙi, shi ke nan. Na koma shagon, mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce ni na lalata ta. Mai gyara na kusa da shi ya buɗe bayanta, ya nuna mani cewa jikin ne kawai sabo, kayan cikin tsofaffi ne aka harhaɗa. Ya ce in bar masa ita da abin da ke ciki ya gwada cetowa. Na ce ya ciro mani ma'ajiyarta a gabana ya ba ni a hannu. Ya yi dariya ya ce sirrin gwamnati ne a ciki? Na ce ya fi. Na sauko daga ginin nan da ma'ajiya a jaka da gangar jikin kwamfuta a hammata, ina tafiya ina zagin kaina da Sakkwatanci, abin da ya ba ni sauƙi shi ne ba mai ji.

Da Ustaz ya ji labari bai yi mani dariya ba. Ya ce in daina wahalar da kaina, in zuba a ma'ajiyar makaranta kamar kowa. Na gaya masa alkawarin da na yi. Ya cire tabarau ya murje ido.

"'Yata, fim ɗin mutum fuska ne," in ji shi. "Ido ne yake gaya wa mai kallo ko mutum gaskiya yake faɗi. In ba fuska, rediyo kika kawo mani. In kin ƙi, to, ki dusashe fuskar, a ga dai akwai mutum a wurin."

Na ce, "Ustaz, a ƙasarmu wanda 'yan sanda suka kama ake dusashe wa fuska. Goggona ba ta saci komai ba."

Ya ce shi dai ya gaya mani, masu jarrabawa ba za su tausaya mani ba, kuma in na faɗi ba a maimaitawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira gida. Na shirya maganata tsaf: zan ce wa Goggo malaman dattawa ne, 'yan kaɗan ne, a wata ƙasa ce, ba wanda ya san ta. Aka kai mata wayar.

"Balki, kina cin abinci kuwa? An ce can ba su da dawo."

Na ce ina ci, Goggo.

"Muryarki ba daidai take ba. Mi ka damunki? Hwaɗi mani, ɗiyata. In abin da ni ka iyawa na, an gama."

Nan na fasa maganar da na shirya. Na san Goggo. Ita ta yaye ni, a bayanta na yi ƙiriniyata. Da na roƙa, za ta ja numfashi, ta ce to, don kada in dawo hannu sake. Sannan ta ƙarasa kwanakinta da sanin cewa wasu maza a wata ƙasa sun zauna sun ƙare mata kallo. Na ce mata sanyi ne kawai ya kama ni. Ta ce in riƙa shan citta, ta yi mani addu'a mai tsawo, aka karɓi wayar.

Mai kula da ɗakin tacewa wata mata ce, Madam Su'ad, gajeriya mai kaurin murya, wadda ɗalibai suke tsoro don ba ta barin a shiga mata da shayi. Ashe ta ji muhawararmu da Ustaz. Ta same ni a matakala ta ce in biyo ta. Ta tambaye ni irin hoton da kyamarata take ɗauka, na gaya mata. Ta ce to me nake kuka a kai? Ta nuna mani yadda ake sa kwamfuta ta yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi marar nauyi, a yi duk yanka da jeri da shi, sai a ƙarshe a mayar da na asali a gurbinsa. Ta ce ko tsohuwar kwamfutata za ta iya, in dai na ɗora ta a kan abin da iska za ta ratsa na kuma yi haƙuri.

"In kin gama, ki zo da safe kafin samarin nan su tashi daga barci," in ji ta. "Gyaran launi sai a babban allo. Zan zare wa kwamfuta ɗaya igiyar da ta haɗa ta da sauran, in zauna a bakin ƙofa. Kakata ma har ta mutu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Yanzu ina neman fuskarta a raina ina rasawa. Ki yi fim biyu, ɗaya nasu, ɗaya naku."

Na ɗora kwamfutata a kan murhun girki da ba a kunna ba, ta yini tana nishi tana yin ƙananan kwafi, ni kuma ina wanki. Da ta gama na rufe hoton gaba ɗaya, na sa abin ji a kunne, na fara da murya. Na jera maganar Goggo da waƙarta har labarin ya tsaya da ƙafarsa: yadda aka kawo ta gidan tana yarinya, yadda uwarta ta koya mata baitoci suna surfe, yadda mata suke fakewa da zuwa barka su zo ɗaukar karatu. Sai da na ji ko makaho zai bi labarin, sannan na buɗe hoto.

A nan 'yar kyamarata ta biya ni. Na ɗauki Goggo ne daga kai har tabarma, saboda haka na riƙa yanko ƙasan hoton ina cika allo da shi, bai dushe ba. Ban taɓa lura da hannuwan Goggo ba sai a ɗakin nan na Alƙahira. In ta zo gaɓar da take so a riƙe, sai ta buga yatsa a gwiwa. In ta ambaci mutuwa sai ta kife tafin hannu a tabarma, a hankali. In ɗaliba ta yi kuskure, carbin ne yake tsayawa. Da ta zo maganar uwarta, babban yatsanta ya yi ta shafa bakin zanenta har ta gama. Na haɗa da sauran abin da na ɗauko don cike gurbi: takalman mata jibge a bakin zaure, tawada da alƙalamin kara, buta a gindin dogon yaro, bayan kawunan ɗalibai suna rausaya. Wani wurin sai in ga ta sunkuyo, haɓarta ta leƙo cikin hoton, in koma in bi shi a hankali in saukar da yankan. Na bi fim ɗin nan daga farko zuwa ƙarshe ban san sau nawa ba, ina farautar haɓar Goggo.

Madam Su'ad ta cika alkawari. Ta zare igiyar a gabana ta rataya a wuyanta, ta ja kujera ta toshe ƙofa. Muka gyara launi har fatar hannun Goggo ta fito yadda take, ba toka-toka ba kamar yadda na'urorinsu suke mayar da baƙin mutum in an bar su da kansu. Wani ɗalibi ya zo da wuri ya ƙwanƙwasa, ta ce masa ana feshin maganin sauro. Da muka gama ta buɗe inda kwamfuta take ɓoye ragowar hotuna, ta goge ina kallo. Ban gaya mata haka nake yi wa iyayen amare ba, na dai rungume ta, ta ce in sake ta kada in karya mata tabarau.

Ranar jarrabawa aka kashe fitila, masu jarrabawa suna gaba, ɗalibai a baya. Muryar Goggo ta cika ɗakin, tar, ba ƙara ko kaɗan, har ana jin kukan kurciyoyin gidanta. Ni kam ban kalli allon ba, ƙeyar mutanen nake kallo. Ba wanda ya taɓa waya. Da aka kunna fitila ɗaya daga cikinsu ya ce aikin bai cika sharaɗin hoton mutum ba, wani ya ce ya cika har ya zuba. Suka yi ta yi da Larabcinsu mai sauri, ina tsintar kaɗan. A ƙarshe suka ba ni shaidata, ba da maki na sama ba, kuma ba a sa fim ɗina cikin waɗanda makaranta za ta kai bikin nuna finafinai ba. Ya yi mani zafi, ba zan ɓoye ba.

Ustaz ya tare ni a baranda. Ya ce har yanzu yana kan bakansa, fim fuska ne. Ya ce tun daga farko har ƙarshe yana zaune yana jiran kyamara ta ɗaga sama ya gan ta.

Na ce, "Ustaz, maƙwabtanta ma shekara da shekaru suna jira."

Ya yi dariya har da tari, ya ce in gaishe ta, in ce wani tsoho a Masar ya saurari karatunta.

Kwana biyu da dawowata na tafi Ƙofar Atiku da hantsi. Matan karatu suna nan, aka sa yara maza suka fita, aka sakaya ƙofar zaure. Na ɗora tsohuwar kwamfutata a kan turmi. Goggo ta dube ni kafin in kunna.

"Maza sun gani?"

Na ce, "Sun gani, Goggo. Ɗaki cike."

Tsakar gidan ta yi tsit. Carbin Goggo ya tsaya. Na kunna wanda na nuna a makaranta. Ta matso, ta ƙura ido, tana jira, na san abin da take jira. Takalma suka wuce, buta ta wuce, hannu ya buga gwiwa, hannu ya kife a tabarma, har aka kai ƙarshe. Ta ɗaga hannuwanta ta jujjuya su.

"Wanga shi na sunka gani? Shi ɗai?"

"Shi kaɗai, Goggo."

"To, ai sun ga tsuhwa," in ji ta. Mata suka fashe da dariya, carbin ya ci gaba da tafiya.

Sannan na kunna na biyun, namu, mai fuska. Jikokinta suka yi ta nuna allo suna ga Goggo, ga Goggo, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe baki tana cewa ashe haka take harara in ana karatu. Da ya ƙare na farke ɗinkin aljihuna, na ciro katin nan, na haɗa da ma'ajiyar da aka ciro daga mushen kwamfuta, na ajiye mata a tafin hannu. Ma'ajiyar ta tura ƙarƙashin filo. Katin kuwa ta ƙulle shi a haɓar zanenta, inda take ƙulle goro.

Na haɗa kayana zan tafi, na durƙusa in yi mata sallama, sai ta riƙe mani wuyan hannu. Ta rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Waƙoƙin da nib ba ki wancan karo, na kowa na, duk garinga an san su. Akwai na uwata, ban taɓa bari anka naɗe su ba, kuma ni ɗai nir rage da su. Gobe ki taho da sassahe, tun muryata ba ta gaji ba. Ki zo da ɗan abin nan da kika maƙala mani ga wuya."

Na ce to, Goggo. Na fito zaure na tsaya na share idona kafin in tari mai keke. Ina isa Minanata na tarar an ɗauke wuta, na karɓi makullin motar maigida na je na jona batiran.